Ƙwayar da Na Ɓoye wa Likita

Da sunan Allah, wanda ya ba mu Ummi kuma ya karɓe ta. Wata biyar ke nan da rasuwarta. Ban yi karatu mai nisa ba, a firamare na tsaya, amma na ga in ban rubuta wannan ba zan ci gaba da ba masu zuwa gaisuwa rabin labari, ina tsallake wurin da hannuna yake ciki. Saboda matan unguwarmu ta Agege na rubuta, musamman masu sayen magani a kemis suna ba yara.

Ummi ce 'yata ta fari. Sunan surukata aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidanmu, ni kuwa har Ummi ta rasu, ko a bayan idon surukar tawa ban taɓa furta shi ba. Shekararta goma sha uku. Babanta, Malam Sule, mahauci ne a Abbatuwa, da asuba yake fita sai la'asar ya dawo, don haka duk abin da ya shafi lafiyar yara a kaina yake.

Tun tana 'yar shekara goma take fama da asma. Ɗakinmu yana kusa da gwata, da damina bango har gumi yake yi, sai ƙirjinta ya riƙa kuka kamar an matse 'yar kyanwa. Mai kemis na bakin layinmu, wanda kowa ke ce wa Dokta alhali ba likita ba ne, shi ya ba ni wasu fararen ƙwayoyi ƙanana, ba su kai ƙwayar wake ba. A takarda yake naɗo su, ba kwali, ba suna. Kwana biyu da farawa numfashinta ya buɗe. In na dakata sai ciwon ya dawo, na koma na gaya masa, ya ce ai sai ta riƙa sha kullum da safe, ya fi zuwa asibiti sauƙi. Haka muka yi shekara biyu da 'yan watanni. Ummi ta sa musu suna 'yan farare.

Ta yi ƙiba. Kumatu suka cika, fuska ta zama kamar faranti. Goggo Larai, yayar babanta, kullum ta zo sai ta ce Legas ta karɓi yarinyar nan. Iya Basira, Bayarabiyar da muke haya a gidanta, takan ce za ta ƙara mana kuɗin ɗaki saboda kumatun Ummi sun ci wuri, Ummi kuma ta mayar mata da Yarabanci cewa ta fara toshe yoyon rufi tukuna. Dariya muke yi. Abin da ban lura da shi ba, ni da nake ɗinka mata kayan makaranta da hannuna, shi ne a shekara biyun nan ban taɓa sauke leɓen rigarta ba, faɗi kawai nake ƙarawa. Ƙanenta da ta ba shekara uku ya kamo ta a tsawo.

Wani maruru ne a ƙwaurinta ya kai mu babban asibiti, ya fi wata ɗaya ya ƙi warkewa. Shekara ta biyu ke nan da saukar sojoji daga mulki, kuma bayan tashin hankalin da ya taɓa mutanenmu a Legas kowa ya koyi shiga ofis da kai a ƙasa, ba a son abin da zai jawo magana. Ni da Ummi da Goggo Larai muka je. Muna kan benci aka kira wata baƙuwar mata daga ƙauye, mijinta mai ga-ruwa ne, ɗanta a goye. Da aka tambaye ta me ta ba shi, sai ta kwance leda ta zube magungunan kemis a kan tebur. Nas ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana nuna wa jama'a, tana cewa da Yarabanci haka mutanen nan suke, sai sun gama kashe yaro a kemis su kawo wa asibiti gawa. Ta ɗauka ba ma ji. Ni a Agege aka haife ni, ba abin da ya wuce ni. Goggo ba ta jin yaren, amma ta ga fuskar matar.

Ta mintsine ni a cinya ta ce, "Kin dai gani. In an tambaye ki, ba ta shan komai."

Likitar da muka samu mace ce, ba ta manyanta ba, muryarta a ƙasa. Marurun bai ɗauke ta minti biyu ba. Fuskar Ummi ta tsaya kallo, ta shafa tudun da ya fito a bayan wuyanta, ta ɗaga riga ta ga jajayen layuka a cikinta irin na mai juna biyu, ta tsayar da ita jikin bango ta auna tsawo. Sannan ta tambaye ni ko akwai maganin da yarinyar ke sha kullum, ko wani man da ake shafa mata. Na ce babu. Da ta gane ina jin Yarabanci sai ta sake tambaya da shi, a hankali, ta ce ko na kemis ne in faɗa. Na sake cewa babu. Ummi ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kanta ƙasa. Yarinya ce mai tarbiyya, ba za ta ƙaryata uwarta a gaban baƙuwa ba.

Likita ta ce akwai wani abu da jikin mutum ke yi, kotisol ake ce masa, tana zaton ya yi wa Ummi yawa, kuma sai an gwada jini a san dalili. Ta ce da safe yake hawa, da yamma ya sauka, saboda haka lokacin ɗibar jinin shi ne komai. "Ƙarfe takwas na safe, Mama. Ba tara ba, ba goma ba." Ta rubuta takarda, ta ce mu dawo mata da sakamako.

A cikin danfo, motar hayar da muka shiga zuwa gida, tunani ɗaya nake yi: jini ba ya ɓoye abin da aka sha. In aka gwada za a ga ƙwayar, a kira ni maƙaryaciya a gaban benci kamar yadda aka yi wa waccan matar. Muna isa gida na ɗauko naɗin takardar, saura na kwana goma sha wani abu a ciki, na zuba a masai.

Washegari da safe Ummi ta miƙo hannu yadda ta saba. "Umma, 'yan fararen nawa fa?"

"Sai an gama gwaji."

"In ƙirjina ya kama fa?"

Na ce rani ne, ba zai kama ba. Kuma bai kama ba. Wannan shi ya ƙara rufe mini ido.

Makon farko sau biyu muka je. Talata da Alhamis kaɗai ake ɗibar wannan jini. Ranar Talata muna idar da sallar asuba muka fita, sai muka tarar tankar mai ta kwanta kafin Oshodi, gosulo ya riƙe mu har tara da rabi ta wuce. Mutumin da ke tagar ɗakin gwajin agogon bango kawai ya nuna mini da biro. Na roƙe shi, na ce jinin da ke jikinta yanzu ai shi ne na ɗazu. Ya ce in je in gaya wa likita haka. Ranar Alhamis muka hau okada, babur ɗin haya, daga rabin hanya, bakwai da rabi muna wurin, muka bi layi. Ashe layin na kowa da kowa ne, masu gwajin fitsari da masu gwajin ciki duk a ciki, kafin ya iso kanmu tara ta gota. Ya sake nuna agogo. Wata mai shara ce ta ja ni gefe ta ce masu gwajin ƙarfe takwas ba sa bin layi, taga ake zuwa kai tsaye. Ba a rubuta a ko'ina ba, ba wanda ya faɗa, shi kuma mai tagar yana ganinmu tun bakwai da rabi.

A makon nan Ummi ta fara cewa ta gaji. Burodi da wake da takan cinye har ta lashe leda, sai ta bar rabi. Ta ce gwiwoyinta na ciwo. Na ce wahalar hanya ce.

Mako na biyu ƙarfe bakwai muna bakin taga. Ranar ce ya buɗe baki ya yi magana mai tsawo: abin da ake yin gwajin da shi ya ƙare, ya kai sati uku, ba a san ranar da za a kawo ba. Wato ko da mun zo a kan lokaci waɗancan ranakun, ba abin da za a yi mana. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko, ya ce ai ban tambaya ba. Ya rubuta mini kwatancen wani ɗakin gwaji na kuɗi wajen Yaba. Na ce to bari mu ga likitarmu ko da minti ɗaya, yarinyar ba ta jin daɗi. Mai ba da kati ya ce ranar Laraba take zama, kuma an rubuta a katinmu mu dawo da sakamako, ba sakamako ba shiga. Ummi tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ƙofar likitar ba ta fi taku ashirin daga wurin ba. Har yau ina auna wannan taku ashirin ɗin.

A gida kowa ya kawo nasa. Goggo Larai ta ce shawara ce, ta jiƙa sassaƙe. Iya Basira ta dafo nata tsimin mai ɗaci ta tsaya a kanta sai ta shanye. Malam Sule ya karɓo rubutu wurin liman, kuma kullum sai ya taho da hanta don ta ƙara jini, ita kuwa ko warinta ba ta so. In ta miƙe tsaye sai ta dafa bango ta ce ɗakin na juyawa. Ta daina zuwa makaranta. Amma fuskarta ta fara saɓewa, sai kowa ya ce alhamdu lillahi, kumburi na sauka, magani na aiki. Ni kuma a raina na fara zargin ƙwayar ce ta kumbura ta, na ƙudurta ko an gama gwaji ba za ta ƙara sha ba. Ina ganin kamar na yi wayo.

Mako na uku muka kwana a Sabo Yaba wurin wata 'yar uwata don kada hanya ta sake cin mu. Takwas da minti biyar aka ɗebi jinin. Kuɗin ya kai na ɗan akuya. Da Ummi ta tashi daga kujera sai ta sulale ƙasa. Mai ɗibar jinin ya ce yunwa ce, a sayo mata lemo. Ta sha, ta farfaɗo, har ta samu bakin tsokana.

Ta ce, "Umma, jinina ya fi na saniya tsada. Baba bokiti-bokiti yake zubarwa kyauta, ni ɗan cokali ɗaya an karɓe ɗan akuya."

Shi kansa mutumin ya yi dariya da na fassara masa. Sannan ya ce ba sa buɗe kayan gwajin saboda mutum ɗaya, sai jinin mutane da dama ya taru, mu ba shi kwana goma ko sati biyu. In kuma aka ɗauke wuta firij ya huce, sai a sake ɗiba. Na tambaye shi ko akwai abin da zan yi mata kafin lokacin, ya ce shi ba likita ba ne.

Ranar Lahadi ta mako na huɗu zazzaɓi ya kama ta, irin wanda yara ke yi su tashi bayan kwana biyu. Litinin ta wuni tana amai, ko ruwa ba ya zama. Talata da hantsi na taɓa hannunta na ji sanyi kamar ta wanke kaya, jikinta kuwa ya saki. Ni da Iya Basira muka ɗauke ta zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwa. Sun sha wuya kafin su samu jijiya. Suka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, suka sa ƙarin ruwa, suka yi allurar zazzaɓin sauro. Nas ɗin wurin, yarinya mai kirki, ta tambaye ni me ta sha a 'yan kwanakin nan. Na ce farasitamol da jiƙe-jiƙe. Wannan karon ban yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ni na amsa. Ba wanda ya tambayi abin da ta daina sha, ni ma bai zo mini a rai ba cewa abin da aka bari kusan wata guda yana da sauran magana.

Wajen azahar ta buɗe ido. Sai da na kai kunnena bakinta na ji.

"Umma, ki ba ni 'yan farare ko ɗaya. Su ne ke ba ni ƙarfi."

Na ce ta bari ta warke tukuna. Daga gadon zuwa kemis bai fi tafiyar minti uku ba.

Kafin la'asar Ummi ta cika. An aika wa babanta mai okada, ya shigo da rigar aikinsa a jiki, bai same ta ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan sadakar bakwai na ce zan je in karɓo sakamakon. Malam Sule ya ce me za a yi da shi yanzu. Na ce ina so in san abin da muka yi wata guda muna bi. Ya raka ni. Na manta rasit a gida, shi kuma ya tsaya a waje, sai mai tebur ya ce in faɗi sunan mai jinin. Na faɗa. Ranar ce bakina ya fara furta sunan 'yata, ga wani baƙo da ke neman ambulan a cikin kwali.

Ranar Laraba muka je babban asibiti. Da yake takarda na hannunmu, ba wanda ya tare mu. Likita ta gane ni, ta duba bayana ta ce ina yarinyar. Malam Sule ya gaya mata. Ta buɗe takardar ta daɗe tana kallo. Ta ce ita ta zaci za ta ga abin ya yi yawa, sai ga shi kusan babu ko kaɗan. Ta ajiye, ta ce, "Mama, me take sha?"

Na zo da guda biyu da na saya a hanya don in nuna. Na buɗe tafin hannuna, na gaya mata komai, har da masai.

Ta ɗauki biro ta zana ƙoda, ta zana wani ɗan abu a samanta kamar hula. Ta ce wannan ɗan abin, guda biyu ne, su ke yin kotisol, kuma shi ne ke riƙe mutum in ciwo ko wahala ta zo. Ƙwayar da nake ba Ummi aikinsu ɗaya. Da jiki ya ga ana kawo masa daga waje kullum, sai nasa suka kwanta barci. Ƙwayar ce ta kumbura fuska ta tsayar da tsawo, wannan gaskiya ne. Amma da na cire ta rana ɗaya, waɗancan ba su farka ba, zazzaɓi ya zo ya tarar ba kowa a gida. Maganarta da ta zauna mini ita ce: "Irin wannan magani ba a dirowa daga kansa, saukowa ake yi kamar matakala." Ta ce da an sani ranar Talatar nan, allurar irinsa za a zuba a cikin ƙarin ruwan, kuma zai yi wuya a ce ƙaramin asibitin ba su da ita a kabad. Ba ta ce lallai da ta rayu ba, ta ce rai na Allah ne. Amma ta faɗi kuɗin allurar, bai kai abin da muka ba mai okada ranar Alhamis ba.

Malam Sule ya jawo takardar zanen gabansa. Ya ce, "Na san shi. Yana cikin kitsen ƙoda, bai fi ƙwallon dabino ba. Kullum sai na cire shi na yar."

Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ita ma da nata, tun da ta yi zargi ya kamata ta ce mini in ma akwai abin da take sha kada a tsayar. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ba na jayayya da ƙaddara, kwanan Ummi ya ƙare. Amma akwai abubuwan da har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina. Mutum ya zauna a taga yana nuna wa uwa agogo alhali ya san ba kayan aiki. A hana yaro marar lafiya ganin likita saboda takarda. A tara jinin yara a firij ana jiran ciniki ya cika. A kunyata mace ɗaya a gaban benci, ba a san mata nawa aka koya wa ƙarya a ranar ba. Mai kemis ya zo gaisuwa, ya ce shi bai taɓa ce mini in daina ba. Gaskiya ne. Bai kuma taɓa ce mini kada in daina ba, kuma har gobe yana naɗa su a takarda. Ni da Goggo Larai muna gaisawa, ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ita ta faɗa, amma bakina ne ya amsa wa likita, sau biyu. Malam Sule bai ce mini komai ba har yau. Na dai lura ya daina kawo ƙoda gida.

Ina godiya ga Iya Basira, wadda ta goya Ummi a bayanta da tsufanta, kuma ta rufe shagonta kwana uku. Ina godiya ga mai sharar da ban san sunanta ba, da nas ɗin da ta riƙe hannun Ummi tana mata addu'a da nata addinin, da likitar da ta gaya mini gaskiya ba ta rage ba. Allah ya saka musu.

Abin da nake roƙon mata shi ne, duk abin da yaro ke sha, na kemis ne ko na gargajiya ko na shafawa, a zuba a leda a kai gaban likita. In yaro ya daɗe a kan ƙwaya kullum, fuskarsa na cika amma tsawonsa ya tsaya, kada a zubar da ƙwayar, kada kuma a ci gaba a ɓoye. A faɗi abin da yake sha, a faɗi abin da ya daina sha. In an rubuta gwajin safe, a tambaya tun ranar ko akwai kayan yinsa, kuma a wuce taga kai tsaye.

Watan jiya na ga 'yar Maman Hadiza, maƙwabciyarmu, tana ɗibar ruwa a famfo, kumatunta sun fara irin wancan cika. Na shiga wurin uwar na tambaya. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ɗauko naɗin takarda daga ƙarƙashin katifa. Ta ce ita tsoron nas take ji. Ranar Laraba na raka ta babban asibiti. Nas ɗin nan da ta kunyata baƙuwar matar, ita ce dai a kan tebur. Na karɓi ledar daga hannun Maman Hadiza na zazzage da kaina, na ce mata da Yarabanci, "Ga su nan, shekara ɗaya da rabi tana sha, ko yau ta sha. Ki yi faɗanki, muna ji. In kin gama ki kira mana likita."

Ba ta yi faɗan ba. An rubuta wa yarinyar yadda za ta riƙa saukowa, rabi-rabi, da ranar gwajinta. Ni nake tashinsu da asuba.

Allah ya ji ƙan Ummi, ya yafe wa uwarta.